Lugude a Kan Ruwa

Mu mutanen Batsari ba 'yan ruwa ba ne. Ruwanmu na sama ne. Ya zo da damina, ya cika korama da tafki, kafin tsakiyar rani ya bar mu da rairayi da guga. Mai son ganin ruwa mai faɗin da zai gajiyar da ido sai ya niƙi gari zuwa madatsar Zobe ta wajen Dutsin-Ma, ko ta Jibiya. Shi ya sa in aka ambaci tseren kwale-kwale hankalinmu Argungu yake tafiya, ko Yawuri wurin bikin Rigata, can inda yaro ke koyon tuƙi kafin ya iya ɗaura wando. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ni da kawuna za mu tsaya kallon irin wannan tsere ba, balle a ce shi ne zai fassara mini abin da muke gani.

A 2012 ne, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar damina, gasar Olamfik ta Landan kuma ta faɗo tsakiyar azumin. A wannan lokaci na shekara agogonmu da na Ingila ɗaya ne, tseren ruwa kuwa da hantsi ake yin sa, daidai sa'ar da mai azumi ya taso daga gona saboda rana ta fara cizo. Akwai wani shagon cajin waya a unguwarmu mai janareta da talabijin. Kawu ba ma'abocin kallo ba ne, wayarsa ya zo karɓa. Ya tsaya a bakin ƙofa, hauya a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka, ya ƙura wa akwatin ido.

"Waɗanga mi suke yi? Tafiya da baya?"

Na ce, "Haka tseren yake, Kawu. Ba su ganin inda za su."

Ya ce, "Ikon Allah."

Gaskiyarsa. Bakaben Argungu gabansa yake kallo, filafilinsa a sake yake a hannu, ya tsoma dama ya tsoma hagu yadda ya ga dama. Na waɗannan kuwa a maƙale yake a jikin wani ƙarfe da ya fito daga gefen jirgin, mutum yana zaune ya ba wa inda za shi baya. Ƙafafunsa suna cikin takalman da aka kafe a jirgin, kujerarsa kuma tana da 'yan tayoyi, tana zamewa gaba da baya. Mai kallo zai ɗauka aikin damtse ne, alhali cinya ce ke yin mafi yawan aikin: mutum ya dunƙule, ya tsoma filafili, ya tokare da ƙafa ya miƙe. Tsawon fagen mita 2,000 ne, miƙe sambal, kowane jirgi da layinsa. Tun 1900 a Paris ake wannan tsere a Olamfik. An so farawa a Atens a 1896, iska da igiyar ruwa suka hana. Mata kuwa sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa.

Ranar, 28 ga Yuli, aka nuna jirgin mutum biyu, irin wanda kowa filafili ɗaya tak yake riƙewa, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Wasu 'yan Niyu Zilan biyu, Hamish Bond da Eric Murray, suka cinye mita 2,000 cikin minti 6 da daƙiƙa 8 da rabi, saurin da ba a taɓa yi ba a irin wannan jirgi. Daga 2009 zuwa 2016 ba wanda ya taɓa shan gabansu, tsere 69 a jere, da zinaren Landan da na Riyo a ciki. Mu matasa ihun sauri muke. Kawu bai ce uffan ba sai da suka tsaya, sannan ya sauke hauyarsa ya jingine ta da bango.

"Wanda ya haɗa waɗanga biyu ya san haɗin shanu."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, domin ni ne ɗan jan shanunsa tun ina shekara tara.

Kawu ya taɓa mallakar wani jan bijimi da duk ƙauyen ke zuwa kallo. Ƙato ne, tozonsa har ya kwanta gefe, in ya sa wuya cikin karkiya sai ka ji itacen yana ƙara. Abokin haɗinsa wani farin sa ne matsakaici, mai haƙuri. Kowa ya gan su sai ya ce Kawu ya more, amma mu da ke gonar mun san wuyar da muke sha. Da an ce musu su tafi, jan zai zabura ya wuce farin da rabin taki, karkiya ta karkace, bakin garma ya bi ta, kunya ta fito kamar sawun maciji. Ina gaba da igiyar hanci a hannu biyu, ta jan tana yanka mini tafi, ta farin tana lilo. Kawu yana baya yana danne garma da ƙirji yana kokawa da ita. Kafin azahar farin ya galabaita saboda jan da ake masa ta wuya, jan ma ya galabaita saboda rabin ƙarfinsa a kan ɗan'uwansa yake ƙarewa, ba a kan ƙasa ba. Damina biyu Kawu ya jure, a ta uku ya kai jan kasuwa ya sayar, ya sayo wani da bai kai shi komai ba a ido. Mutane suka ce ya yi wauta. A wannan shekarar muka riga kowa gama huɗa.

Abin da Kawu ya hango a talabijin ke nan. A jirgin mutum biyu, in ɗaya ya fi ɗaya ja, hancin jirgi juyawa yake. Akwai ɗan linzami a ƙarƙashi wanda ɗayansu ke sarrafawa da ƙafa ta wata waya, amma duk sa'ad da aka murɗa shi don gyara hanya, birki ne aka taka. Ƙarfin da ya wuce na abokin tafiya sau biyu ake biyan kuɗinsa: a karkacewa, sannan a gyara. Dole wanda ya fi ƙarfi ya san iyakar abin da ɗan'uwansa zai iya amsawa, ya ba da daidai wannan. Wannan kuwa ya fi ja da iyakar ƙarfi wuya nesa ba kusa ba. Ko wawa ya iya zage damtse. Mai ƙarfin da zai iya riƙe kansa shi ne ba a samu a kowace kasuwa.

Masu horar da 'yan wasan sun san haka, har suna da hanyar gwaji. Akwai wata na'urar motsa jiki da ake ja a tudu, tana nuna ƙarfin kowa da lamba. Amma ba a zaɓen 'yan jirgi da ita kaɗai. Sai a sa jirage biyu su yi tsere, a rubuta tazara, a ɗauke mutum ɗaya daga wannan a musanya da ɗaya daga wancan, a sake tseren. Sau da yawa sarkin na'ura yakan shiga jirgi, jirgin ya ƙara nauyi, wani da lambarsa ba ta kai ba ya shiga, jirgin ya saki jiki. Da na ba Kawu wannan labari cewa ya yi, ai shi ma ba a tsaye yake sayen sa ba, sai ya ga takunsa.

Wani abin mamaki, wayar Kawu da a da takan yi kwana uku da caji ɗaya, a makon nan kullum sai ta mutu da hantsi.

Ranar 1 ga Agusta aka yi wasan ƙarshe na jirgin mutum takwas, wanda shi ne babban taro. Jirgi ne siriri, tsawonsa ya haura mita 17, filafili huɗu ta kowane gefe. Jamus ta ci, Kanada ta biyo, Birtaniya ta zo ta uku bayan ta matsa wa Jamusawa lamba har suka ji a jikinsu. In an nuno su daga sama, filafilan takwas suna buɗewa suna rufewa kamar fikafikan tsuntsu ɗaya. Ana jin ƙarar ma: ƙwas guda, ba takwas ba. A nan Kawu ya ce, "Wanga ai lugude ne."

Ba daidai da lugude yake ba, in za a bi diddigi. Taɓare bi da bi suke sauka cikin turmi, filafilai kuwa lokaci guda suke shiga ruwa. Amma na gane inda ya dosa, domin na tuna ranar da Inna ke koya wa ƙanwata shiga lugude. Mata uku ne a kan turmi ɗaya ana surfen gero. Yarinyar tana da ƙarfinta, ta iya daka ita kaɗai sarai. Da ta shiga cikinsu sai taɓaryarta ta riƙa karo da ta yayarmu, gau, gau, gero yana tsalle waje, kaji suna murna. Ta ƙara ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa. Inna ta riƙe mata hannu ta ce, "Ke, saukewa kowa ya iya. Ɗagawar ake koyo. In kin ɗaga, ki jira." Duk sirrin lugude yana cikin ɗan lokacin nan da taɓarya ke sama, ba ta dukan komai. A nan ne gwanaye ke cilla ta su tafa hannu su cafe, ba don burga kawai ba: tafin ne ke auna musu jiran.

To, haka jirgin yake, kuma wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai cikin duk abin da na koya game da wasan. Jirgin tsere ya fi gudu a lokacin da filafilai ke sama, ba lokacin da suke cikin ruwa ba. Dalili kuwa nauyi ne. Jirgin takwas, a ƙa'ida, ba ya gaza kilo 96, wato bai fi nauyin mutum ɗaya daga cikin ƙattin da ke cikinsa da wani abin kirki ba. Idan suka gama ja suka fitar da filafilai, suka fara zamewa a kan kujerunsu don su sake dunƙulewa, jirgin ne ke sulalewa a ƙarƙashinsu. In sun taho a natse, tare, sai ya yi ta tafiya a kan ƙarfin da aka riga aka ba shi. In ɗaya ya yi gaggawa don ɗokin ya sake ja, nauyinsa zai faɗa kan matokarin ƙafa kafin filafilinsa ya kama ruwa, ya tura jirgin baya. Shi a ransa ƙwazo yake yi. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa, kuma ban taɓa ganin inda karin maganar nan ta fito fili ƙiri-ƙiri kamar nan ba. A minti ɗaya sukan ja sau talatin da wani abu zuwa arba'in, zuciya kamar za ta fito, huhu yana ƙuna, amma cikin wannan wuta ake so mutum ya sami natsuwar jira sau ɗari biyu da ɗoriya kafin a kai ƙarshe.

Na sha ganin irin mai gaggawar nan a tudu. Yana nan a gayya: saurayin da zai tsere wa sahu don 'yan mata masu kawo fura su gan shi, ya bar ciyawa rabi a tsaye, sai dattijo ya bi bayansa yana gyara. Yana nan a kwamitin masallaci da ƙungiyar manoma, mutumin da ya fi kowa zuwa da wuri, ya fi kowa magana, ya yanke shawara kafin sauran su zauna, sannan ya yi fushi cewa shi kaɗai ke aiki. Ba ƙarya yake ba, yana aiki. Ni kaina na taɓa zama shi, shi ya sa nake tausaya masa fiye da yadda nake jin haushinsa. Malalaci kowa ya san maganinsa. Wahalar mai ƙwazon da ba ya jira ita ce ba ka da bakin yi masa faɗa, don gumi yana zuba a goshinsa.

A cikin jirgin takwas akwai mutum na tara, wato jagora, ɗan ƙarami, a takure a ƙarshen jirgi. Shi kaɗai ke kallon gaba, shi ke riƙe da linzami, shi ke faɗa musu inda abokan hamayya suke da lokacin da za a ƙara wuta. Ba ya ja ko sau ɗaya, amma in an ci, shi ma zinarensa ake rataya masa. Ƙa'ida ta ce kada nauyinsa ya gaza kilo 55, in ya gaza sai a ɗora masa kaya ya cike. An yi dokar ne don a da mutane sun wuce gona da iri. A Paris a 1900, wasu 'yan Holan biyu suka ga jagoransu ya yi musu nauyi, suka sauke shi, suka ɗauko wani yaro Bafaranshe suka zaunar, suka ci tseren. Aka ɗauki hoto da shi, ya shige cikin jama'a, har yau ba a tabbatar da sunansa ba. Duk sa'ad da na tuna da yaron nan sai in tuna da kaina a gaban shanu. Idan aka yaba kunya, mai garma ake yabo. Ba wanda ke tambayar wa ya ja igiya.

Sauran takwas ɗin fa, me suke kallo? Bayan na gabansu. Kowa ƙeyar ɗan'uwansa yake bi, har zuwa kan na kusa da jagora, wanda shi ke yanka takun da kowa zai taka. Washegarin tseren Jamusawa, 2 ga Agusta, 'yan Afirka ta Kudu huɗu suka taso daga baya a mitocin ƙarshe suka ƙwace zinare daga hannun Birtaniya da Denmak da tazarar da ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Mai yanka musu taku, Sizwe Ndlovu, shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinaren Olamfik a wannan wasa. A shagon caji ranar har mai shago ya manta da azumi ya yi ihu.

Amma wanda muka fi magana a kansa a makon nan bai ci komai ba. Hamadou Djibo Issaka ne, ɗan Nijar, maƙwabcinmu. Shekararsa 35, aikinsa a Yamai lambu da kula da wurin ninƙaya. An ba ƙasarsa gurbin gayyata na musamman, irin wanda ake ba ƙasashen da wasa bai kafu a cikinsu ba. Aka tura shi Masar da Tunisiya ya sami ɗan horo, dududu wata uku yana abin, sai ga shi a tafkin Eton Dorney a jirgin mutum ɗaya, kusa da mutanen da suka shekara goma sha suna yi. A zagayen farko ya yi minti 8 da daƙiƙa 25. Mahé Drysdale na Niyu Zilan da ya ci zinare ya gama wasan ƙarshe ƙasa da minti 7. Cikin mutum 33, Issaka ne na 33. Sauran sun tsaya suna shan ruwa, shi yana can yana fama, dubban 'yan kallo suka miƙe suna masa tafi har ya iso, ya kife a kan filafilansa.

Steve Redgrave, Baturen Ingila da ya ci zinare a Olamfik biyar a jere daga 1984 zuwa 2000, ya nuna rashin jin daɗinsa, yana ganin akwai waɗanda suka fi cancantar gurbin. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya ba da ƙuruciyarsa ga sana'a ba ya son a mai da ita wasan yara. Tafin ma, in an tona, ba duka ne na girmamawa ba, akwai na nishaɗi a ciki, jaridun Ingila har laƙabin zolaya suka yi masa. Sai dai kogin Kwara, wanda mutanen Nijar ke kira Isa, ta tsakiyar Yamai ya ratsa, mutanen bakinsa kuwa tun kaka da kakanni a kan ruwa suke. Ba ruwa Issaka ya rasa ba, ba kuma ƙarfi ba. Jirgin tsere ne babu a ƙasarsa a lokacin, babu kuma waɗanda suka riga shi.

Kawu ya kalle shi yana tahowa shi kaɗai a faɗin tafkin, ya girgiza kai. "Wanga ba a haɗa shi da tsohon sa ba." Haka ake horar da sabon sa a wurinmu. Ba a koya masa huɗa da bulala. A karkiya ɗaya ake sa shi da tsoho wanda ya san hanya. Zai yi tirjiya, zai zabura, zai kwanta, tsohon yana nan da takunsa, ba ya ƙarawa ba ya ragewa, har wuyan sabon ya gaji da gardama ya ɗauki takun. Daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Issaka bai sami ƙeyar da zai kalla ba.

Abin da ba mu sani ba a shagon caji shi ne, a can Amurka wata yarinya tana kallon tasa ƙeyar. Chierika Ukogu, iyayenta 'yan Nijeriya ne, ta koyi wasan tun a makaranta, ta ci gaba da shi a jami'ar Stanford. Ta faɗa daga baya cewa ganin Issaka ne ya sa mata niyyar ta ɗauki tutar ƙasar iyayenta. Ta ɗage shiga makarantar likita, ta tara kuɗin horo da tafiya ta hanyar neman gudunmawa a intanet, a 2016 ta fito a Riyo, mutum na farko da ya wakilci Nijeriya a wannan wasa a Olamfik, ta ƙare ta 20. A gasar Tokyo da aka yi a 2021, Esther Toko ta biyo sawunta. Na 33 cikin 33 ne ya zama tsohon sa.

Shekarun da suka biyo baya, kowa ya san abin da dajin Rugu ya zame wa Batsari da Safana: maɓoyar ɓarayin shanu. Shanun huɗa na cikin abin da aka fara kwashewa, kuma wanda aka ɗauke wa shanun huɗa an ɗauke masa rabin gonarsa. Na Kawu a dare ɗaya suka tafi, su biyun. Ya yi damina biyu da hauya, ga tsufa. Da ya samu ya haɗa kuɗi, ɗan bijimi ɗaya suka isa saya, ɗanye, bai taɓa ganin karkiya ba. Wani maƙwabcinsa kuma yana da tsohon sa guda da ya tsira saboda daren yana gidan ɗan'uwansa a cikin gari. Sa ɗaya ba ya huɗa. Suka shirya: yau gonar wannan, gobe ta wancan.

Na je ranar da suka fara. Ɗan ƙanwata ne a gaba da igiya, shekarunsa kamar nawa a wancan lokaci. Sabon ya zabura, tsohon ya tsaya cak yana tuƙa, karkiya ta karkace, yaron ya faɗi zaune. Kunyar farko ba ta ganuwa. Ta biyu ma haka. Kawu bai ɗaga tsumagiya ba. Ya zo ya rage tsawon igiyar sabon, ya naɗa ta sau biyu a hannun yaron, ya ce masa kada ya kalli shanun, ya kalli gawon can na bakin gona ya nufe shi. Wajen kunya ta goma sha, na lura ƙarar kofatansu ta fara haɗuwa, sai ta rabu, sai ta sake haɗuwa.

Da suka kai ƙarshen wata kunya, Kawu ya kwantar da garma, ya juya ya ba gabansa baya, ya daɗe yana duban abin da suka baro. Tana da ɗan lanƙwasa a tsakiya, wajen da sabon ya ga kare. Ya share gumi da hularsa ya mayar.

"Juyo da su," ya ce wa yaron. "Sannu-sannu. Bari tsohon ya fara."